An Yi Wa 'Yarki Allura, Ke Fa Uwargida?

'Yan'uwana mata, da yawa daga cikinku kun ga ma'aikatan lafiya sun shiga makarantu da unguwanni suna yi wa 'yan mata allura a dantse. An soma wannan aiki ne a watan Oktoba na 2023 a wasu jihohi, har da Kano da Jigawa da Bauci, sa'an nan sauran jihohi suka bi baya a watan Mayu na 2024. Allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa ce, ana yi wa 'yar shekara 9 zuwa 14 sau ɗaya tak, kuma kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 wannan ciwo ya kama mata wajen 12,000 a Nijeriya, ya kashe wajen 8,000. In aka cire sankarar nono, babu ciwon dajin da ya kai shi cin mata a ƙasar nan.

Na san an yi ta raɗe-raɗin wai allurar tana hana haihuwa. Irin wannan magana aka yi a kan ta shan inna a 2003, har aka dakatar da ita a Kano, yara suka yi ta shanyewa a banza. Ke 'yar makaranta, in ba a yi miki ba, ki gaya wa mamarki ta kai ki asibitin unguwa.

To, amma yau da ke nake, uwargida. Allurar nan tana hana ƙwayar cutar shiga jiki ne, ba ta korar wadda ta riga ta shiga, shi ya sa aka fi yi wa yara tun kafin aure. Ƙwayar, wadda likitoci ke kira HPV, ta hanyar kwanciyar aure ake ɗaukarta, kuma ta yi yawan da mace mai kamun kai, wadda ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta, tana iya samunta. Watau ba shaidar lalata ba ce, kada kowa ya ruɗe ki. A jikin mafi yawan mata takan mutu da kanta. A jikin wasu kuwa sai ta laɓe shekara 15 zuwa 20 tana ɓarna a hankali, ba ciwo ba zazzaɓi, mace na ta girkinta tana zuwa biki da suna.

Waɗannan shekaru su ne rabonmu, domin a cikinsu ana iya ganin tabon kafin ya zama daji. Gwaji mafi sauƙi shi ne malamar asibiti ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, ta jira kamar minti ɗaya. In akwai tabo sai wurin ya yi fari, kuma sau da yawa a ranar ake kashe shi da na'urar zafi ko ta sanyi, ki koma gida da ƙafarki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da cutar ƙanjamau kuwa daga 25.

Me ya hana mu zuwa? Kunya ce ta farko. Mace ta haifi takwas, amma a ce ta kwanta a duba ta alhali lafiyarta ƙalau, sai ta ce Allah ya sawwaƙe. Sai kuma ɗabi'ar nan tamu ta kiran kome "ciwon sanyi". Jini bayan kwanciya, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan an daina al'ada, ko ruwa mai wari, duk sai a jiƙa sassaƙe a yi ta sha wata da watanni. Ranar da za a kwashe ta zuwa babban asibiti, an sayar da akuya da ɗan kunne, ciwo kuwa ya riga ya yi nisa. Hukuma ma da nata laifin, don ba kowane ƙaramin asibiti ne ke da mai gwajin ba, kuma injinan gashin daji kaɗan ne a ƙasar.

Akwai kuma mai tsoron abin da zai biyo baya, musamman a ciwon nono. Gani take in aka yi mata aiki ta tashi daga mace. Gaskiya ne hannu yakan kumbura ko ya sage bayan an cire nono. Amma a wasu manyan asibitoci akwai ma'aikatan da sana'arsu ke nan, su koya wa majinyaciya yadda za ta sake ɗaga hannu, ta ɗaura ɗankwali, ta tuƙa tuwo, ta koma kan keken ɗinkinta. Wadda aka yi wa aiki ta tambayi likita ya tura ta wurinsu.

Batun izinin maigida kuwa, kada ki tare shi yana shigowa da gajiya. Bari ya ci abinci, sa'an nan ki ce, "Malam, akwai gwajin da ake yi wa mata don tare ciwon daji, ina so ka bar ni in je." In kuna da abokiyar zama ku tafi tare, tunda miji ɗaya gare ku. Ki zaɓi ranar da ba kya al'ada, kuma in kin isa ki ce mace kike so ta duba ki.