Injin Ban-Ruwa Na Tashi Yana Sauka? A Daina Saurin Zargin Kafireta

Duk wanda ya taɓa zagaya fadamun Danja a lokacin noman rani ya san wannan ƙarar. Injin ban-ruwa ya ɗaga murya kamar zai tashi sama, ya sassauta, ya sake ɗagawa, can sai ya mutu. Ruwan da ke fita daga mesa ma haka yake zuwa, yana yankewa. Ga tumatir ya fara fure, kuma kwana biyu ba ruwa a wannan matakin na iya sa furen ya zube.

Abin da matasa ke yi yanzu shi ne ciro waya a shiga YouTube ko TikTok. Wannan ba laifi ba ne. Matsalar ita ce yawancin bidiyon kan kafireta suke dira kai tsaye, sai yaro ya ɗauki sukundireba ya hau murɗa abin da lafiyarsa ƙalau. Masu rubuta manhaja suna da wata ƙa'ida da ta dace da nan: idan abu ya lalace, a canza abu ɗaya, a gwada, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya canza fulogi, ya wanke kafireta, ya ja gwamna duk a zama ɗaya, ko injin ya tashi bai san me ya gyara ba, kuma jibi zai sake biyan kuɗin.

Yawancin injinan nan Honda GX160 ne ko kwaikwayonsa na China. A cikinsu akwai gwamna, wanda aikinsa riƙe gudun injin a wuri ɗaya, kusan juyi 3,600 a minti. Idan fetur bai isa ba, gudu ya ragu, gwamna ya buɗe hanya, injin ya zabura, gwamna ya rufe, sai a sake komawa farko. Wato tashi da saukar nan alama ce ta yunwa, gwamna kuwa aikinsa kawai yake yi. Shi ya sa ɗaure shi da waya ko roba, kamar yadda wasu ke yi, ɓoye ciwo ne.

Gwaji mafi sauƙi ba ya cin ko sisi. A ja cok zuwa rabi injin na aiki. In ƙarar ta daidaita, to iska ta fi fetur yawa. Daga nan a sassauta marfin tanki, domin akwai ƙaramar kafar iska a jikinsa wadda ƙura kan toshe, kuma in ta toshe mai ba ya sauka, injin ya yi minti kaɗan ya mutu. Sai ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunnin mai: a kashe injin, a bar shi ya huce, a kwance kofin a juye a kwalba mai haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙarara. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, ana sayen na galan a bakin hanya ana kuma ajiye ragowa a jarkar da aka samu, don haka wannan binciken ba na wasa ba ne.

Sai an wuce duk waɗannan ne ake buɗe kafireta, a duba ƙananan ramukan da mai ke bi da kuma gaskit ɗin da ke tsakaninta da injin. Kada a zura allura, tana faɗaɗa ramin injin ya koma shan mai. Sili ɗaya na wayar wuta ya isa. In kuwa baƙin hayaƙi ne ke fita, labarin ya juya: ƙurar hunturu ce ta cika matatar iska.

Akwai ɓangaren da bidiyon janareta ba sa nunawa, wato ruwan kansa. Abin sha'awa, masu jirgin ruwa mai tafiya da feshin ruwa, irin wanda Bill Hamilton ya ƙera a New Zealand a 1954, su ma da wannan suke fama. Jirgin nan famfo ne babba, yana zuƙo ruwa ta ƙasa ya watsa ta baya. Ciyawa ta toshe mashigar ko iska ta shiga, farfela ta rasa abin turawa, injin ya hau ihu jirgi bai motsa ba. Haka injin ban-ruwa yake idan mesar zuƙowa ta tsage, ko rariyar bakinta ta cushe da laka, ko ruwan rijiyar ya ja baya a watan Maris. Kafireta goma ba za ta gyara mesa mai huji ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne yanke wayar na'urar da ke kashe injin idan baƙin mai ya yi ƙasa. Sau da yawa injin a karkace aka ajiye shi a gaɓa, man ya gangara gefe, na'urar ta kashe shi. Maganin shi ne a daidaita mazauninsa a duba mai, wanda duka-duka kusan lita 0.6 ne. Yanke wayar na sa ya tashi yau, amma ranar da man ya ƙare da gaske babu abin da zai hana shi kamewa.

Wani zai ce sabuwar kafireta 'yar China ba ta da tsada, kuma manomin da gonarsa ke bushewa ba shi da lokacin bincike. Akwai gaskiya a nan, ajiye guda ɗaya a buhu dabara ce. Sai dai in ruwa ne a tanki, sabuwar ma kafin la'asar za ta fara irin wannan tarin.

Masu shagon caji su ma abin ya shafe su, don janareta mai tashi da sauka wutarsa ma hawa da sauka take, kuma caja masu araha ne ke fara ƙonewa. Amfanin waya a nan shi ne a ɗauki bidiyon minti ɗaya da sautin injin, da cok a buɗe da kuma a rabi, a tura wa bakanike a Funtua ko Danja ta WhatsApp kafin ya hau babur, don ya san kayan da zai riƙo.