Casa'in Cikin Ɗari Ba Ta Yin Igiya

Jama'a, ina da 'yar magana a kan yadda muke koyon kimiyya a kwalejin nan, kuma da zaren nailon zan kafa hujja. Kwanan baya na tambayi waɗansu abokan karatuna yadda ake yinsa. Nan da nan suka zubo mini sunayen sinadaransa kamar ruwa. Amma da na ce, "To, don me ake daɗewa ana dafa shi?" sai kowa ya yi tsit. Ni ma dā haka nake. Hadda muka yi, ba mu gane ba, ga shi kuwa gobe mu ne za mu tsaya gaban yara.

Ga yadda abin yake. A shekarar 1935 aka fara yin nailon a kamfanin DuPont na Amurka, ƙarƙashin wani masani Wallace Carothers. Sinadari biyu ake haɗawa, watau asid adifik da heksametilindayamin, kowanne da kabon 6 a ƙwayarsa. Kowace ƙwaya hannu biyu gare ta, kuma ba ta kama 'yar'uwarta, sai ta ɗaya sinadarin. Duk sa'ad da hannu ya kama hannu, sai ƙwayar ruwa guda ta fita. Da haka sarƙa ke tsawo, tsawon sarƙar kuwa shi ne ƙarfin zaren.

Carothers ya bar mana lissafi mai sauƙi. In rabin hannuwan suka kama, tsawon sarƙa bisa matsakaici ƙwaya 2 ne kurum. In 90 cikin 100 suka kama, ƙwaya 10. Sai an kai 99 cikin 100 sa'an nan a sami ƙwaya 100, wajen tsawon da zaren kirki ke bukata ke nan. Ashe casa'in ɗin da ke sa ɗalibi tsalle ran jarrabawa, a tukunyar nailon ko abin ɗaure kaza ba ta bayarwa.

Sa'an nan ga batun sauri. Paul Flory, wanda ya yi aiki tare da Carothers, ya kuma sami kyautar Nobel a 1974, ya nuna hannun da ke bakin doguwar sarƙa bai fi na gajeruwa nawa ba. Abin da ke rage sauri shi ne ƙarancin hannuwan da suka saura, domin kowanne sai ya daɗe kafin ya gamu da abokinsa. A lissafi mafi sauƙi, in awa 1 ta kai mu 90, sai an yi awa 11 kafin a kai 99. Har wa yau, in ruwan nan ya zauna cikin tukunya, sai ya koma yana kwance abin da aka ƙulla. Shi ya sa ake dafawa da zafi wajen digiri 280, ana fid da tururi. Kuma lalle sinadaran su zo daidai wa daida. In ɗaya ya fi da 1 cikin 100 kaɗai, sarƙa ba za ta wuce wajen ƙwaya 200 ba, ko an kwana ana dafawa.

Na gwada wannan sa'ad da muka fita koyon koyarwa. Na fid da yara 20, goma da hula, goma babu, na ce mai hula ya kama marar hula kaɗai. Da riƙo ya kai 10, rukuni 10 suka tsaya. Da ya kai 18, sai layi 2 kacal. Wani yaro ya ce, "Malam, ai na ƙarshen ne masu wuya!" Abin da littafi ya cika shafi yana faɗi, ga shi yaro ya gano da kansa, ba mu sayi ko kwalba ba.

Na san waɗansu za su ce lokaci ba ya isa, jarrabawa kuwa sunaye take tambaya. Gaskiya ne. Amma minti 10 wasan ya ci, kuma wanda ya gane dalili ba ya saurin manta suna.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su riƙa tambayarmu "don me", ba "mene ne" kaɗai ba. Mu kuma ɗalibai, kada mu koyar da abin da ba mu gane ba. Allah ya sa mu dace, amin.