Mai Ba Da Magani Ma Jiki Gare Shi

Jama'a, makon nan maganarmu a kan asibiti ta ke. An saba jin kukan marasa lafiya, na tsadar magani da na dogon layi. Yau kukan wanda ke zaune a bayan tebur za mu kawo muku, watau likita da nas da ungozoma da malamin asibiti na ƙauye. Wani zai ce, ina ruwan talaka da gajiyar mai albashi? To, a yi haƙuri a ji. Ran da iyalinka ke naƙuda da tsakar dare, ko ɗanka ya sanƙare, bayan ikon Allah a hannun mutumin nan ran nasu ya ke. In ya kwana biyu bai runtsa ba, a gidanka za a ga sakamakon.

Mutanen ƙasar Gumel ba sa bukatar a tuna musu da sanƙarau. Daga 1 ga Oktoba 2022 zuwa 16 ga Afrilu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa mutum 1,686 waɗanda a ke zaton sun kamu da shi a Nijeriya duka. Daga cikinsu 1,252 a Jihar Jigawa su ke. Maigatari kaɗai mutum 505, Sule Tankarkar 247. Aka bi unguwanni da ƙauyuka ana allurar rigakafi ta gaggawa, har Gumel da Gagarawa. To, su wa suka ɗauki wannan kaya? Ma'aikatan da muka sani ne, waɗanda ko babu annoba aikin ya yi musu yawa. Su ne masu ɗaura ƙarin ruwa, su yi allura, su tsaya a kan mai ciwon da a ke ɗauka ta numfashi, sa'an nan su fito su gaya wa uwa ɗanta ya cika. An ƙidaya waɗanda suka kamu, an ƙidaya waɗanda suka rasu. Wa ya tambayi ma'aikacin nan awa nawa ya yi barci?

Kuma kada a ce wannan abu ne na shekara guda. Bazara ta zo da sanƙarau da ƙyanda, damina ta zo da zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa, haihuwa kuwa ba ta da rani ba ta da damina. Ga mu bakin iyaka, ran Alhamis kasuwar Maigatari ta cika da baƙi daga Jamhuriyar Nijar da kudancin ƙasar nan, wanda sa ya tunkuya da wanda mota ta kayar duk asibiti a ke nufa da su.

Masu aikin kuma raguwa su ke yi. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa likitocin da ke da lasin a ƙasar nan wajen 55,000 ne, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Waɗanda suka rage galibinsu suna manyan birane. Duk likitan da ya tafi Ingila ko Saudiyya, marasa lafiyarsa ba su bi shi ba, a wuyan wanda ya zauna su ke.

Wannan gajiya ba ragwanci ba ce, masana sun san ta. Tun 1974 wani masani a Amurka, Herbert Freudenberger, ya bayyana ta ga masu aikin taimakon jama'a. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin babban kundinta, ta ce lalura ce da ke zuwa daga wahalar aiki wadda ta daɗe ba a sauƙaƙa ta ba. Alamunta uku ne. Na farko, ƙarfi ya ƙare, mutum ya tashi da safe kamar bai kwanta ba. Na biyu, zuciya ta bushe, ya daina jin tausayin aikin da ya ke so a da. Na uku, aikin kansa ya lalace a hannunsa. Sabo da haka in ka ga nas ta daka maka tsawa, mai yiwuwa ne rashin hali ne, ba mu kuwa goyon bayan wulaƙanta talaka ko daga wa ya fito. Amma sau da yawa alama ta biyun nan ce ka gani.

Game da barci, binciken da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hannunsa da hankalinsa kan yi rauni kamar na wanda ya fara maye. Ku 'yan kasuwa, wa zai loda shanunsa a Maigatari ya damƙa wa direban da ya kwana biyu bai yi barci ba, ya ce ya kai su Legas? Babu. To, yaya za mu yarda mai wannan hali ya auna wa jariri allura? A birnin New York sai da wata yarinya, Libby Zion, ta mutu a asibiti a 1984 a hannun ƙananan likitocin da aiki ya yi wa yawa, sa'an nan aka yi doka a 1989 cewa kada su wuce awa 80 a mako. A ƙasashen Tarayyar Turai ƙa'idar awa 48 ce. Mu nan, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ce da kanta ta umurci 'ya'yanta kada su ƙara yin fiye da awa 24 a jere, daga 1 ga Oktoba 2025. Ku duba fa, awa 24 ita ce sauƙin da su ke nema!

Yanzu ga maganarmu gare ku, malaman asibiti. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Kullum kuna gaya wa mutane su ci abinci a kan lokaci, su huta, su auna jini, ku kuwa goro da shayi ne abincinku har la'asar. Kowane ɗan tireda ya san bambancin uwa da riba, ya san kuma wanda ya fara cin uwa ya kusa rufe shago. Jikinku shi ne uwar kuɗinku. Kula da shi ba son kai ba ne, gama a 2017 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta ƙara a cikin rantsuwar likita cewa zai kula da lafiyar kansa domin ya iya kula da ta wasu.

Sabo da haka, wanda ya sauka daga aikin dare ya tafi ya kwanta, kada ya zarce kemis ko gona. Baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Ku riƙa shan ruwa, musamman da bazara, ku ci abinci kafin ku shiga ɗakin marasa lafiya. Awon jinin da ku ke yi wa mutane ku yi wa kanku. Allurar rigakafin ciwon hanta ku cika ta, kada a tsaya a ta farko. Hutun shekara hakkinku ne, ku karɓa, ku yi shi cikin iyali da dangi. In mara lafiya ya mutu a hannunku abin ya tsaya muku a rai, ku zauna da abokin aiki ku faɗa, gama ciwon da aka ɓoye shi ke kisa. Babban abin da mu ke jan kunnenku a kai shi ne rubuta wa kai magani. Mabuɗin ɗakin magani a aljihunku ya ke, ƙwayar hana barci da allurar kashe zafi sun hallaka masu ilmi da yawa. In baƙin ciki ya daɗe, barci ya ƙi, ko tunanin halaka kai ya fara zuwa, a je a ga wani likitan ba da jinkiri ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai a Dawanau ta Kano, zuwa can ba abin kunya ba ne.

Mu kuma talakawa da 'yan kasuwa, akwai namu laifin. Mu kan ajiye mara lafiya a gida kwana biyar, sai ya galabaita mu kwaso shi da tsakar dare, in ya cika mu ce sakacin asibiti ne. Mu kan cika ɗakin marasa lafiya da 'yan dubiya har nas ta rasa wurin sa ƙafa. Mu kan buga wa malamin asibiti ƙofa bayan ya sauka daga aiki, don ciwon da zai iya jiran safiya. Wasu har zagi, wasu har duka. Wannan ya kamata a bari. A kai yara rigakafi, mai ciki ta je awo, a kai mara lafiya da wuri da rana. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage wa ma'aikaci dare guda na wahala. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitocin lafiya na mazaɓu su duba asibitin garinsu: in babu ruwa, in babu fitila, in baƙuwar ungozoma ba ta da masauki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannu da aiki ma ba a sayen ta da kuɗi.

Amma kada mahukunta su ji mun ce ma'aikaci ya kula da kansa su ɗauka sun fita. Wanda shi kaɗai ne a asibitin ƙauye, wa zai bar wa marasa lafiya ya je ya huta? A Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta taɓa cika shi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin lafiya a matakin farko. Wannan kuɗin jama'a ne, muna da ikon tambayar inda ya shiga.

Ga abin da mu ke nema daga Dutse da ƙananan hukumomin nan huɗu. A ɗauki ma'aikata isassu, a fara da 'ya'yan yankin da suka gama makarantun koyon aikin lafiya suna zaune. A rubuta iyakar awoyin aiki a manna a bango, wanda ya kwana aiki a ba shi hutun washegari. A gyara ɗakin hutu mai gado da ruwa da wuta a kowane asibiti. A biya albashi da alawus a kan lokaci, a fifita wanda ya yarda ya zauna a karkara. A tanadi mai riƙon wuri domin hutun shekara ya yiwu. Kafin bazara kuma a shirya ƙarin hannu, kada a jira sai an fara jana'iza.

'Yan'uwa, duk ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma da ya zo kasuwarku gaisuwa, ku tambaye shi: ma'aikata nawa ne a asibitinmu, kuma wa ke karɓar su in sun gaji? In ya amsa, ku riƙe amsar. In ya yi shiru, wannan ma ku riƙe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu jinyarsu ƙarfi, amin.