Rasit ɗin Bitamin a Gaban Mai Karɓar Haraji

A Amurka, wanda ya tara rasit ɗin bitamin da ƙwayoyin ƙarin kuzari yana neman rangwamen haraji, tambaya ɗaya hukumar haraji ta IRS za ta yi masa: wace cuta likita ya gano a jikinka? In don ƙarin lafiya kawai yake sha, kuɗin na aljihunsa ne. Sai in likita ya auna shi, ya ga cutar, ya ce wannan ƙwayar tana cikin maganinta, sannan ta shiga lissafin kuɗin jinya.

Ni ina bayan wannan sharaɗi. Tun dokar 1994, mai haɗa irin waɗannan ƙwayoyi ba ya bukatar amincewar hukumar abinci da magunguna ta FDA kafin ya kai su kasuwa. Kantunan magani cike suke da kwalabe masu alkawarin kaifin ƙwaƙwalwa da ƙarfin gaɓɓai. Ba daidai ba ne baitulmali ya ɗauki nauyin abin da ba a tabbatar da amfaninsa ba.

Inda nake da ja shi ne shingen da ke gaba. Ko da takardar likita a hannu, ba a rage komai sai kuɗin jinyar shekara ya haura kashi 7.5 cikin ɗari na abin da mutum ya samu. Mu ɗauki uwa mai samun dala 40,000, ɗanta na fama da sikila, kullum da safe tana ba shi ƙwayar folik asid, ga kuɗin asibiti duk lokacin da ciwon ya tashi. Dala 3,000 na farko ba a ko kallonsu. In ta kashe 3,500, ɗari biyar kaɗai za a cire daga kuɗin da ake yanka wa haraji. Wannan ma sai ta bar rangwamen bai-ɗaya da ake ba kowa, ta zauna ta jera kashe-kashenta ɗaya bayan ɗaya. Tun da dokar haraji ta 2017 ta kusan ninka wancan rangwamen, mafi yawan masu jerawa sun daina, domin ba ta biyansu.

Wa ke cin moriyar, ke nan? Mai babban gida da akanta, wanda dama yake jera kuɗin ruwan bashin gidansa. Ya kamata majalisar dokokin ƙasar ta riƙe sharaɗin likita, amma ta sauke shingen nan ga masu cutar da ba ta rabuwa da mutum, irin su sikila da ciwon ƙoda.