Inshorar ma'aikata da matan da haila ta ɗauke musu

Fiƙihunmu bai taɓa jin kunyar zancen ɗaukewar haila ba. Suratuɗ Ɗalaƙ ta kayyade wa macen da ta yanke ƙauna da haila iddar wata 3, kuma ɗalibai suna karanta babin a zaure gaban malam. Amma idan aka zo ga wahalar da jikin wannan baiwar Allah ke sha, sai mu yi gum, mu ce ai girma ne.

Yawanci haila tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin da sinadarin istirojin ke raguwa a jiki. Wasu matan suna wucewa salin alin. Wasu kuwa zafi ke taso musu kwatsam, gumi ya jiƙa su cikin dare, barci ya ƙaurace, ƙashi ya fara rauni a ɓoye. Ma'aikaciyar gwamnati a Najeriya tana ritaya ne a shekara 60, dokar 2022 kuma ta kai ta malaman makaranta 65. Ke nan malamar da wannan hali ya sama tana da 50 za ta iya shafe shekaru tana tsayuwa gaban allo bayan daren da ba ta runtsa ba.

Magani akwai: likita na mayar wa jiki sinadarin da ya ragu, ta ƙwaya, ko man shafawa, ko filastar da ake mannawa a fata. Ba kowa ya dace da ita ba. Wadda ta yi sankarar mama ko daskarewar jini a jijiya, galibi a kan kauce mata shi, mai mahaifa kuma sai an haɗa mata da furojestaron don kare mahaifar. Wannan ma hujja ce a gare mu, domin maganin da ke buƙatar sa idon likita bai kamata tsada ta tura mace neman sa a kemis ko hannun masu tallar haɗe-haɗe ba.

A Ingila, tun watan Afrilun 2023, mace na biyan kuɗi ƙalilan sau ɗaya ta karɓi wannan magani tsawon shekara. Mu ma muna da abin hawa: dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022, da asusun taimakekeniya na jihohi irin na Kano, inda ake cire wani kaso daga albashi. Malamai da dama sun amince da irin wannan tsari ne bisa hujjar taimakon juna. To, wadda aka shafe shekaru ana cirar kuɗinta tana da haƙƙin ganin sunan maganinta rubuce ƙarara a jerin abin da asusun ke biya, har da kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje.

Muna kuma roƙon a sa nau'i fiye da ɗaya a jerin. Akwai tsohon nau'i, Premarin, da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki, wanda zuciyar wata ba za ta natsu da shi ba. Akwai kuma wanda ake haɗawa daga tsirrai. Wani tsarin shan maganin yana dawo da jini duk wata, don haka likita ya faɗa wa mace tun farko, ta kai wa malaminta tambayar salla da azumi.