Bakan Gizo Ba Ya Shan Ruwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwarzo ko ta Kabo ya san abin da a kan faɗa in hadari ya haɗo a gabas da la'asar, sa'an nan baka ya keto cikinsa. Sai ka ji manoma sun yi tsaki suna cewa, "Shi ke nan, bakan gizo ya shanye ruwan yau." Yaran da za mu koya wa karatu da wannan magana za su zo mana makaranta. Saboda haka wajibi ne mu san amsar da za mu ba su tun ba su tambaya ba.

Maganar nan tana da asali. A wurin Maguzawa bakan nan iska ne, sunansa Gajimare, mai siffar maciji. Sun ce cikin rijiya ko suri ya ke zaune, ya kan miƙe sama ya shanye ruwan hadari, don haka a ke kiransa Masharuwa. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya rubuta labarin iskokinsu a littafin da aka buga a 1946.

Ba mu kaɗai muka ba shi labari ba. Larabawa suna ce da shi Ƙausu Ƙuzaha, Ƙuzahu kuwa abin bauta ne na zamanin jahiliyya, shi ya sa waɗansu malamai suka ƙi sunan, suka ce a kira shi bakan Allah. Cikin Attaura an ce shi ne alamar alkawarin da Ubangiji ya yi wa Annabi Nuhu bayan ruwan Ɗufana. Alƙur'ani mai girma bai ambace shi da suna ba, amma ya umurce mu da yin tunani a kan saukar ruwa da saɓanin launuka.

To, mene ne ainihinsa? Wani malami Musulmi, Kamaluddin al-Farisi, wanda ya rayu a Tabriz ta ƙasar Farisa, ya karanta littafin Ibnul Haisam a kan haske da gani. Wajen 1300 ya cika ƙwallon gilashi da ruwa, ya mai da shi tamkar babban ɗigon ruwan sama, ya haska shi cikin ɗaki mai duhu. Ya ga haske yana karyewa sa'ad da ya shiga, ya bugi bangon ciki ya komo, ya sāke karyewa wajen fita. A 1637 Dekart na Faransa ya lissafta kusurwar da hasken ke komowa, ya sami digiri 42. Niyuton na Ingila kuma ya nuna farin hasken rana haɗin launuka ne, kowane da irin karyewarsa. Shi ya sa ja ke bisa, shunayya ke ƙasa, ruwan goro da rawaya da kore da shuɗi suna tsakani. In hasken ya bugi bangon ɗigo sau biyu, sai a ga baka na biyu a bisa na fari, dushi-dushi, launukansa a juye.

Daga nan abu uku suka fito fili. Ba a ganin baka sai rana tana bayan mai kallo. Ba a ganinsa da tsakar rana, gama sai ta sauko ƙasa da digiri 42, watau ƙasa da rabin tazarar da ke tsakanin gefen sama da tsakar ka. Na uku, ba a ganinsa sai ana ruwa a gabanka.

Kai mai karatu, duba na ukun nan da kyau. Kabo tana gabas da Gwarzo. In mutumin Gwarzo ya ga baka da la'asar, to lalle a lokacin nan ruwa na zuba a gonakin da ke wajen Kabo. Wanda ke cikin gonakin nan yana gudun neman mafaka, bai ga baka ba, ba zai kuwa yarda an shanye kome ba. Ashe baka shaidar ruwa ne, sai dai ruwan maƙwabci. Dalilin da ya sa sau da yawa ba ya isowa shi ne, baka ya fi fita ran da hadari bai game sama ba, gefe ruwa gefe rana, kamar yadda ya kan yi a farkon damina da ƙarshenta. Irin wannan hadari ya kan juye kayansa tun bai iso ba. Tsofaffi sun lura daidai, sababin ne kaɗai suka ɗora wa wanda ba shi da laifi.

Ga ra'ayinmu. Malami biyu ne ke ɓata yaro. Na ɗaya shi ne wanda ya yi dariyar maganar Masharuwa, yaro ya koma gida yana ganin ubansa jahili, alhali uban nan ya fi malamin sanin sama. Na biyu shi ne wanda ya ce binciken irin wannan abu shisshigi ne ga ikon Allah, ya mance al-Farisi da Ibnul Haisam masu salla ne. Sanin hanyar da abu ke bi ba ya rage girman Wanda ya shimfiɗa hanyar.

Abin yi mai sauƙi ne, ba ya bukatar ko anini. Da sassafe a fitar da yara fili, su ba rana baya, kowa ya guntsi ruwa ya fesa. Za su ga ɗan baka a gabansu, babu suri, babu maciji. Gani ya kori ji. Sa'an nan a sa su rubuta ranar da suka ga baka, da sashin da ya fito, su tambayi masu zuwa cin kasuwa ko an yi ruwa a can. Sunan kuwa a bar shi yadda muka gada. Gizo ya riƙe bakansa a tatsuniya, yaro ya riƙe dalili a makaranta. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.