Takardar gini a Yauri: manhajar da magini zai iya buɗewa ta fi mai tsada

Yawancin rigimar mai gida da magini a Yelwan Yauri ko Wara daga saƙon murya take farawa. An yi jingar ɗaki biyu da falo ta WhatsApp, an ce a yi aiki mai kyau, amma ba wanda ya rubuta ko bulo mai inci 6 ne ko 9, ko rodin linta milimita 10 ne ko 12. Ranar da bango ya tsage, sai kowa ya shiga laluben wayarsa yana neman muryar da za ta wanke shi.

AutoCAD da Revit suna da amfaninsu, amma suna son kwamfuta mai ƙarfi, da tsayayyiyar wuta, da kuɗin lasisi. Wanda zai gina shago ko ɗakin ajiyar busasshen kifi a Shanga ba su yake buƙata ba. Jadawali a WPS Office ya ishe shi, domin yana buɗewa a Tecno ko Itel ko da babu data. Kowane layi ya ɗauki abu guda: bulo nawa za a buga daga buhun siminti mai kilo 50, haɗin kankare na 1:2:4, kaurin kwanon rufi, daga inda za a ɗebo yashi, da lokacin biyan kowane kaso. In an gama a mayar da shi PDF, don kada wani ya taɓa adadi cikin dare, a buga kwafi biyu, a sa hannu gaban shaida. Da Hausa za a rubuta, tunda da ita magini yake aiki, kuma Gboard yana da ƙ da ɗ da ɓ.

Inda ake yaudaruwa shi ne samfurin takarda da aka sauke daga intanet, ko wadda ChatGPT ta tsara cikin minti ɗaya. Ga tsari kamar daga ofishin injiniya, amma ba ta san tafkin Kainji ba. Mutanen wannan yanki kuwa sun ɗanɗana ginin da aka tsara daga nesa. Da aka kammala madatsar a 1968, an tayar da fiye da mutum 40,000, ciki har da Gungawan tsibirai, aka zaunar da su a gidajen bulon siminti masu rufin asbesto, da yawansu kuma suka yi ta kukan zafi.

Ruwan tafkin yana hawa yana sauka duk shekara, filin da yake ƙayau a watan Mayu na iya zama cikin ruwa bayan damina. Saboda haka layin da ya fi kowane muhimmanci a takardar Ngaski shi ne tsayin daɓen ɗaki sama da inda ambaliyar baya ta tsaya. Wannan adadi babu shi a wata manhaja. Sai an tambayi dattawan unguwa da masunta, an auna alamar ruwa a jikin tsohon bango da tef, an ɗauki hotonta da waya an haɗa da takardar.